Kafin Kamaru Ta Sayi Tauraro, A Zo A Dubi Mora

Wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Mora bayan ɗaukewar damina, a daren da wutar lantarki ta yi tafiyarta kamar yadda ta saba, ya san abin da zan faɗa. Jim kaɗan bayan isha'i, idan ka ɗaga kai wajen tsaunukan Mandara, za ka ga wani ɗigon haske yana ratsa taurari a hankali, ba ya ƙyaftawa irin ta jirgin sama, ba ya kuma tsayawa. Ƙarfe ne da wata ƙasa ko wani kamfani ya harba, yana kewaya duniya, yana wucewa ta kan rufin ɗakunanmu ba tare da sallama ba. Dubbai ne irinsa a sama a yau, kuma babu na Kamaru ko ɗaya a cikinsu. Akwai masu ganin wannan abin kunya ne da ya wajaba a wanke shi da gaggawa, ko da bashi za a ciwo. Ni ina ganin abin kunyar yana nan ƙasa, kuma sayen tauraro ba zai wanke shi ba.

A shekarar 2019 ma'aikatar gidan waya da sadarwa ta Kamaru ta kafa kwamitin nazarin yiwuwar shirin sararin samaniya na ƙasa, aka raɗa masa suna Camspace. Tun daga lokacin maganar takan taso, ta lafa, ta sake tasowa, musamman idan wata ƙasar Afirka ta harba nata, kamar yadda Habasha ta yi a Disambar 2019, ko Senegal a Agustan 2024. Sai ka ji masu sharhi a Yawunde da Duwala suna tambayar yaushe namu zai tashi. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi wanda zai karanta abin da tauraron ya gani ba, ko da wane harshe za a faɗa wa manomin Kolofata.

Tunda sha'anin kalmomi ya dame mu, bari in ɗan tsaya a kan sunan. Hausa ta ce "tauraron ɗan'adam", kuma fassara ce mai kyau, ta zauna a baki. Sai dai kalmar tauraro tana ɗauke da wani nauyi da ya wuce na ƙarfe: muna cewa tauraron fim, muna cewa tauraruwar wane tana haskawa. Kalma ce ta ɗaukaka. Da a ce tun farko an kira abin da aikinsa, aka ce madubin sama ga wanda ke ɗaukar hoton ƙasa, aka ce ɗan aiken sama ga wanda ke kai saƙo, da wataƙila masu mulki ba su riƙa kallonsa kamar lambar girma da ake maƙalawa a ƙirji ba. Madubi ba ya amfanar gidan da babu mai dubawa, ɗan aike kuma ba ya da aiki inda babu wanda ke jiran saƙo.

Mu fara da kuɗi, domin nan ne masu son tauraro suke saurin wucewa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma maƙwabciyarmu Nijeriya ta riga mu shiga. Ta kafa hukumar NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, ƙaramin tauraron ɗaukar hoto da kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera a kan kimanin dala miliyan 13. Wannan bai yi tsada ba, kuma an horar da injiniyoyin Nijeriya a cikin aikin. Babbar cacar ta zo da NigComSat-1, tauraron sadarwa da Sin ta ƙera ta harba a Mayun 2007, wanda kwangilarsa ta kai kusan dala miliyan 300, mafi yawanta bashi daga bankin Exim na Sin. An tsara ya yi shekara 15 yana aiki. A Nuwambar 2008, bayan wata 18 kacal, faifan da ke tattara masa hasken rana ya lalace, ya mutu a sama. Sai a Disambar 2011 aka harba madadinsa. Shekara uku ke nan babu kaya, masu haya sun kama gabansu, bashi kuwa yana nan. Bayan madadin ya tashi ma, an daɗe ana ƙorafi a jaridu da majalisar dokokin Nijeriya cewa hatta hukumomin gwamnati suna hayar taurarin ƙetare, nasu na gida yana shawagi da gurabe babu kowa.

Angola ta bi wannan hanya da Rasha. AngoSat-1 ya tashi a Disambar 2017, shi ma kuɗinsa a wajejen dala miliyan 300, bai yi aikin kirki ko na rana guda ba aka rasa shi, kuma sai a Oktobar 2022 aka harba na biyu. Tauraron haɗin gwiwar ƙasashen Afirka na RASCOM, wanda aka harba a Disambar 2007, ya sami yoyon iskar gas tun a hanya, rayuwarsa ta gajarce, aka maye gurbinsa a 2010. Ba ina cewa duk tauraron da Afirka ta saya mutuwa yake yi ba. Ina cewa wannan sana'a ce da kaya ke lalacewa a inda hannu ba ya kai wa, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, kuma wanda ke da guda ɗaya tak ba shi da abin jingina ranar da ya lalace. Manyan kamfanonin da ke wannan kasuwa suna da taurari gommai, idan ɗaya ya mutu su karkata masu haya zuwa wani. Ƙasa mai tauraro ɗaya kamar ɗan kasuwa ne da ya zuba dukkan jarinsa a mota ɗaya, ya sa ta a hanyar Mora zuwa Kuseri cikin Agusta.

Dala miliyan 300, idan aka juya ta zuwa kuɗinmu, ta kai wajen sefa biliyan 180. Wannan kuma kuɗin shiga ne kawai. Akwai inshora, akwai tashar da za a riƙa sarrafa shi dare da rana, akwai albashin ma'aikata, sannan bayan shekara 15 man da ke riƙe shi a mazauninsa ya ƙare, a koma kasuwa a sayi wani. Ƙananan taurarin ɗaukar hoto ma ba sa kaiwa haka, shekara biyar zuwa bakwai ake ƙiyasta musu. Wanda ya sayi tauraro bai gina madatsar ruwa ba, wadda jikoki za su gada. Ya shiga adashen da ba a fita. Kasuwar kuma ta juya wa irin wannan tauraro baya: wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku da sababbin taurarin da ke shawagi kusa da ƙasa sun karya farashin hayar. Wanda zai shiga yanzu zai zo cin kasuwa ne bayan an fara naɗe tabarmi.

Kamaru ma tana da darasinta na gida, ba sai ta leƙa na maƙwabta ba. A 2018 aka kammala shimfiɗa wayar SAIL a ƙarƙashin teku daga Kiribi zuwa Fortaleza ta Brazil, tsawon kusan kilomita 6,000, da bashin Sin. An yi biki, an ce ƙasar za ta zama mahaɗar sadarwar yankin. Ku zo Mora ku gwada aika takarda mai shafi ashirin ta intanet da yamma. Babban bututu yana bakin teku, amma tsakaninsa da wayar ɗalibi a Mayo-Sava akwai fiye da kilomita dubu na waya da ake yankewa, da turakun sadarwa marasa wuta, da farashin da bai dace da aljihunsa ba. Jihar Arewa Mai Nisa ita ce mafi talauci a ƙasar. Binciken gidaje na 2014 ya nuna kusan mutum uku cikin huɗu a nan suna ƙasa da ma'aunin talauci. Tauraro zai maimaita labarin SAIL ne a sama: babban abu a nesa, da giɓi a kusa.

Yanzu ga abin da masu kururuwar tauraro ba sa son a faɗa. Hotunan da suke cewa za mu samu idan mun saya, ana ba da su kyauta. Amurka ta fara harba jerin Landsat a 1972, kuma tun 2008 ta buɗe rumbun hotunan ga kowa ba tare da biyan ko sisi ba, bayan a da ana sayar da hoto ɗaya ɗaruruwan daloli. Da waɗannan hotuna duniya ta ga yadda Tafkin Chadi ya janye daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a shekarun 1960. Tarayyar Turai tana da Sentinel-2, wanda ya fara tashi a 2015, yana ɗaukar hoton kowace gona tsakanin Garwa da Kuseri duk bayan kwana biyar, kuma kowane ɗigo a hoton mita goma ne a ƙasa. Ɗan'uwansa Sentinel-1 yana amfani da rada, yana ganin ruwa kwance a ƙasa ko da hadari ya rufe sama, ko da tsakar dare ne. Meteosat yana tsaye saman Afirka yana aiko da hoton gajimare duk minti goma sha biyar. Akwai kuma yarjejeniyar da hukumomin sararin samaniya suka ƙulla a 2000, wadda a ƙarƙashinta suke juya taurarinsu su ɗauki hoton duk inda bala'i ya auku, su miƙa wa hukumar agajin ƙasar kyauta idan ta nema. Babu tauraron da Kamaru za ta iya saya da zai ba ta rabin wannan.

To, da duk wannan ido a sama, me ya hana a gargaɗi mutane? A 2012 ruwa ya ci ƙauyuka a kwarin Binuwai kusa da Garwa, ya fasa shingayen Logon wajen Maga. A 2022 ya dawo. A 2024 ya sake dawowa da ƙarfi, ya karya gada a Yagwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu a Mayo-Danay da Logon-da-Shari, a daidai watan Satumbar da madatsar Alau ta fashe ta cinye Maiduguri. Duk waɗannan shekaru taurari suna sama suna gani. Hotunan suna nan a ajiye, kowa na iya saukewa ya duba yadda ruwan ya riƙa hawa mako bayan mako. Abin da babu shi ne mutumin da albashinsa ya rataya a kan ya duba hoton ran Litinin, ya gwada shi da ma'aunin kogi, ya kira hakimi da gidan rediyo kafin Laraba. Madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, duk shekarar da aka buɗe ƙofofinta sai an yi musayar zargi tsakanin Yawunde da Abuja a kan wa ya sanar da wa, yaushe. Nijeriya na da taurari, Kamaru ba ta da su, kuma ruwan bai bambanta mutanen Yola da na Garwa ba. Madatsar Dasin Hausa da aka ce Nijeriya za ta gina don tare rarar ruwan har yau ba a gina ta ba.

Na taɓa zuwa wani ofishi a yankinmu neman bayanin ruwan saman shekarun baya, saboda wani ƙanen mahaifina da ke noman masakwa yana son sanin ko fadamar da aka yi masa tayi tana riƙe ruwa. Jami'in ya karɓe ni da mutunci. Ya nuna mini kwamfuta lulluɓe da zani saboda ƙura, ya ce an kawo ta ne da wani shiri na masu ba da tallafi, shirin ya ƙare, kuɗin intanet ya ƙare tare da shi. Ya buɗe wani littafi da aka daina cikawa shekaru da dama, domin ma'aunin ruwan da ke bayan ofishin ya fashe ba a sauya ba. Ma'aunin nan gwangwani ne da mazurari, kuɗinsa bai kai na tayar mota ɗaya ba. Na fito ina lissafin gwangwani nawa sefa biliyan 180 za ta saya.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Tauraro ba ya auna ruwan sama kai tsaye. Yana duba sanyin saman gajimare ne ya yi ƙiyasi, kuma ƙiyasin ba ya zama abin dogaro sai an daidaita shi da abin da ya zuba a gwangwani a ƙasa. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Haka batun gona yake. Hoto zai nuna maka kore, amma sai wanda ya taka ƙasar ne zai ce wannan koren dawa ce, wancan auduga, wancan kuma ciyawa ce kawai. Masakwa, wadda Fulani ke nomawa a ƙasar da suke kira karal, ana dasa ta ne bayan ruwa ya janye wajen Oktoba, ta rayu da danshin da laka ta riƙe har girbi cikin sanyi. Sanin wace fadama ce ta riƙe ruwa, kwana nawa, shi ne bambancin rumbu cike da rumbu wayam, kuma Sentinel yana da amsar. Makiyayan da ke gangarawa kwarin Logon da rani su ma suna buƙatar sanin inda ciyawa ta fito kafin su kora shanu tafiyar kwanaki. Tsakanin amsar da mai tambayar babu gada, kuma gadar ba a sama ake gina ta ba.

Za a ce mini: Indiya fa? Ai tana fama da talauci ta fara, ga shi yau ta sauka a wata. Na yarda, kuma ina son misalin Indiya fiye da masu kawo shi, domin ba su karanta shi har ƙarshe ba. Indiya ta fara da mutane tun 1962, ƙarƙashin Vikram Sarabhai, shekara goma sha uku kafin tauraronta na farko ya tashi a 1975. Babban gwajinta na farko na amfanin jama'a da tauraron aro ta yi shi: daga 1975 zuwa 1976 ta ari ATS-6 na Amurka ta watsa shirye-shiryen noma da lafiya da karatu zuwa ƙauyuka 2,400 cikin harsunan mutanen. Ta koyi amfani kafin ta koyi mallaka. Ga kuma abin da ya fi wannan. A 1999 guguwar teku ta afka wa jihar Odisha ta kashe mutum kusan 10,000. A lokacin Indiya tana da taurarin yanayi nata na kanta tun shekarun 1980, sun kuma ga guguwar tana zuwa. A 2013 wata guguwar mai ƙarfi, Phailin, ta afka wa wannan gaɓar, aka kwashe mutane kusan miliyan ɗaya, waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. Abin da ya sauya a cikin shekara goma sha huɗun nan shi ne gidajen fakewa da aka gina, da 'yan sa kai da aka horar a ƙauyuka, da tsarin da ke kai gargaɗi daga ofishin yanayi zuwa kunnen masunci.

Za a ce tsaro. Wannan hujja ba na raina ta, domin a Mora nake, inda hedikwatar shiyya ta ɗaya ta rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Chadi take, kuma mun san abin da Kolofata da Amchide da Limani suka gani tun 2014. Amma a faɗi gaskiya game da abin da ƙarfen zai iya. Tauraron ɗaukar hoto guda ɗaya yana wucewa ta kan wuri ne na 'yan mintuna, sannan sai bayan kwanaki ya dawo. Mutum goma a kan babura biyar da suka fito daga daji da magariba suka koma kafin asuba ba za su jira shi ba. A Afrilun 2014, lokacin da aka sace 'yan matan Chibok, Nijeriya tana da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a sama tun 2011. Da Amurka ta kawo ɗauki a 2015, jirage marasa matuƙi ta girke a Garwa, domin su ne ke iya tsayawa saman wuri sa'o'i. Sauran aikin kuwa na 'yan banga ne da mutanen gari masu kai rahoto, da hanyar da mota za ta bi ta isa kafin a gama ɓarna.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta 'yancin kai. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji su. Abin da Turai da Amurka ke bayarwa kyauta yau suna iya rufewa gobe. Gaskiya ne suna iya. Sai dai a duba tauraron da ake kira namu. A wata ƙasa za a ƙera shi, kumbon wata ƙasa zai ɗaga shi, kamfanin wata ƙasa zai yi masa inshora, bankin wata ƙasa zai ba da bashin, kuma ranar da ya yi tari injiniyan wata ƙasa za a kira. Abin da ke namu a jikinsa tuta ce da aka liƙa. Tsaunin da ke bayan garin nan ya taɓa koyar da wannan darasi. Daga Agustan 1914 kyaftin ɗin Jamus von Raben ya hau dutsen Mora da sojojinsa, ya riƙe shi shekara ɗaya da rabi, Ingilishi da Faransawa suka kasa sauko da shi. Yana can sama yana ganin komai, Garwa ta faɗi a 1915, Yawunde ta faɗi a farkon 1916, kuma a Fabrairun 1916 ya sauko ya miƙa wuya ba tare da an ci dutsen ba, domin babu sauran ƙasa a ƙarƙashinsa. Ƙasar da take da ɗaruruwan 'ya'yanta masu iya sarrafa hoton kowane tauraro, idan an rufe mata na Turai za ta juya ga na Indiya ko Sin ko Brazil. Wadda take da tauraro ba ta da masu karatu, ko ba a rufe mata komai ba a makance take.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda gwamnatin da ke mafarkin tauraro take mu'amala da taurarin da suka riga suka iso. Starlink, wanda taurarinsa ke shawagi a nisan kilomita 550 kawai, ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, kuma Chadi ta ba shi lasisi a ƙarshen 2024. A Kamaru kuwa, a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa a kan iyaka, bisa hujjar rashin lasisi da barazanar tsaro. Mora tana tsakanin ƙasashen nan biyu, Banki na nan kusa da hancinmu. Duk wanda ya san yadda fetur da shinkafa ke ratsa wannan iyaka ya san faranti mai girman tire ba zai gagara ba. Sakamakon irin wannan hani shi ne mai kuɗi da mai laifi su samu ta bayan gida, asibitin ƙauye da makarantar sakandare su rasa, baitulmali kuma bai karɓi ko dala ba. Ba ina wanke kamfanin ba ne. Attajiri ɗaya ne ke riƙe da ragamarsa, an kuma ga a yaƙin Ukraine yadda ra'ayinsa ke iya shafar inda na'urar za ta yi aiki, kuma kuɗin da masu amfani ke biya waje yake fita. Maganin wannan shi ne ciniki mai tsauri: lasisi da haraji, rajistar kowace na'ura, tashar ƙasa a cikin Kamaru, sharaɗin haɗa asibitoci da makarantun karkara a farashi mai sauƙi, da buɗe ƙofa ga abokan gasarsa don kada ya zama shi kaɗai. Wanda kuma ya tuna kwana 93 da aka rufe intanet a jihohin masu magana da Ingilishi a 2017 yana da damar ya yi zargin cewa abin da ake tsoro ba 'yan ta'adda ba ne kawai, har da hanyar sadarwar da ba a iya kashewa daga ofis.

Akwai wasu a ɓangarena da nake ƙin hujjarsu kamar yadda nake ƙin ta abokan gardamata. Su ne masu cewa talaka ba ruwansa da sararin samaniya, a ba shi rijiya kawai. Wannan raini ne da aka yi wa rawani. Inda za a haƙa rijiyar ma hoton sama yana taimakawa wajen gano shi. Ƙasar Hausa kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a Kano Amurka ta kafa ɗaya daga cikin tashoshin bibiyar kumbon Mercury a farkon shekarun 1960, kuma a ranar 23 ga Agustan 1963 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. Ina son Kamaru ta yi shirin sararin samaniya. Gardamata a kan inda za a fara ne, da inda kuɗin zai sauka.

Gabon ta nuna wata hanya. Ta kafa hukumar AGEOS a 2010, ta gina tashar karɓar hotuna a Nkok kusa da Libreville, ta horar da masu lura da dazuzzukanta, ba tare da ta harba komai ba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, tana haɗa hoton sama da ma'aunin ƙasa tana fitar da hasashen damina ga ƙasashen Sahel. Arewacin Kamaru Sahel ne ta fuskar ruwa da ƙasa da amfanin gona, ko da Yawunde tana cikin kurmi. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da makarantar injiniyoyi. Garwa tana da sabuwar jami'a, da hedikwatar Sodecoton mai hulɗa da dubban manoman auduga, da tsohuwar makarantar kula da namun daji. A Marwa ya kamata cibiyar ta zauna, kilomita sittin daga Mora, ba a wani bene na babban birni ba, da wutar rana tata ta kanta tunda Lagdo takan gaza da rani, da kasafin albashi daga baitulmali wanda ba zai mutu ranar da mai tallafi ya tafi ba. A mayar da ma'aunin ruwa kowace makarantar firamare, a biya malami ɗan alawus ya riƙa aiko da adadin ta waya kowace safiya. A ɗauki masu fassara da za su juya hasashen mako zuwa Wandala da Fulatanci da Kanuri da Larabcin Shuwa da Mafa da Hausa, domin sanarwar da aka buga da Faransanci aka liƙa a allon ofis ba ta taɓa tsayar da kowa daga shuka a ranar da ba ta dace ba. Idan ɗalibai suna son ƙera ƙaramin tauraro don koyo, irin wanda ɗaliban Ghana suka yi a 2017 mai nauyin kilo ɗaya, a ba su, a kuma kira shi da sunansa, wato aji.

Idan kuma wata rana buƙatar babban tauraro ta tabbata, Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964, Kamaru da Nijeriya da Nijar da Chadi suka kafa ta, kuma Logon da Binuwai ba su san iyaka ba. Hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka ta buɗe ofishinta a Alƙahira a 2025. A yi tarayya a saya, a raba nauyi.

Kwamitin Camspace da kuɗin jama'a ya yi aiki, saboda haka a buga rahotonsa a fili, kowa ya karanta. 'Yan majalisar da ke wakiltar Mayo-Sava da Diamare da Binuwai su nemi a kawo shi zaure, su tambayi nawa ne kuɗin, wa zai ba da bashin, da wane ruwa, su waye masu hayar da suka sa hannu, nawa aka ware wa tashar ƙasa da horarwa a cikin kowace sefa ɗari, da kuma ofishin da zai kira hakimin Maga da dare idan hoton Agusta ya nuna Logon ya kusa cin shinge.